Ranar da Doña Nibia Ba Ta Kulle Kwamfutarta Ba

A kamfanin Ruben Larrosa, hawa na uku a wani tsohon gini da ke unguwar Cordón, akwai wata doka da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ta fi rubutattun ƙarfi. Duk wanda ya tashi daga kujerarsa ya bar kwamfutarsa a buɗe, ko banɗaki ya zaga, ko ruwan zafi ya je ƙarowa a fulas, kafin ya dawo wani ya zauna ya aika wa kowa saƙo da sunansa: "Jama'a, gobe ni zan kawo bizcocho." Kuma dole ya kawo. Washegari sai ka gan shi ya shigo da ƙunshin takarda mai maiƙo cike da 'yan ƙananan burodin da suke kira bizcocho, daga gidan burodin kan kwana, ana yi masa tafi. Wai don a koya wa mutane tsare sirrin aiki ake haka. Kwaɗayi ne dai aka ɗinka wa riga, amma an saba.

Gwanin wannan farauta shi ne Yamandú Techera, wanda kowa ke kira Flaco saboda ramarsa. Ya ba talatin baya kaɗan, hannunsa da sauri, bakinsa kuma ya fi hannun. Kusan babu wanda bai kama ba a ofishin, har Ruben mai kamfanin sai da ya sayi bizcocho ta dalilinsa. Kuma ga shi da wa'azi. Masu rubuta manhaja mutane ne masu tsirfa: manhajar da suke rubutu a cikinta iri ɗaya ce ga kowa, amma kowa sai ya gyara tasa daidai hannunsa, launin allo, girman harafi, wane maɓalli ke yin me. Wannan gyaran suke kira saiti, kuma mutum ya gwammace ya ba ka aron motarsa da ya bar ka ka taɓa masa shi. To Flaco ne ya naɗa kansa limamin ajiyar saiti. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya tambaye ka ko ka yi kwafin ajiya.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi. Doña Nibia Curbelo, Doña ɗin laƙabin girma ne na mata a can, ta doshi sittin, ta riga kowa zuwa kamfanin, kuma ita ta gina manhajar da ƙungiyar makiyayan arewa ke bin sawun shanunsu da ita, tun daga ranar da aka maƙala wa ɗan maraƙi lamba a kunne har ranar da zai hau mota a kai shi kasuwa. Teburinta na can lungu, ta ba bango baya, allon kwamfutarta na kallon ta da bangon da ke bayanta. Ko atishawa za ta juya ta yi sai ta kulle. 'Yan ofis suna tsokanarta a kan allon nan nata, baƙi wuluk da manyan haruffa masu ruwan ɗorawa, wai kamar allon tashar mota. Takan ce musu zamaninsu haka kwamfuta take, su ƙyale tsohuwa da kayanta.

Ba son tsohon yayi ba ne. Idon Doña Nibia ne ke tafiya, ya daɗe yana tafiya a hankali, kuma babu wanda ya sani a ofishin. Wannan launin, da tazarar da ke tsakanin haruffan, da maɓallan da ta tsara don kada ta taɓa neman 'yar kibiyar linzamin kwamfuta a kan allo, su ne suka bar ta a kan aikinta. Tana ɓoyewa ne saboda ta san Ruben. Mutumin kirki ne, amma kirkinsa irin mai raba mutum da aikinsa ne: da ya ji kana da lalura zai hau rage maka nauyi, yana ragewa yana tausaya maka, har ka wayi gari ba ka riƙe da komai. Flaco bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba a safiyar Alhamis ɗin da ake magana.

Ana ruwa tun safe, irin wanda iskar kogi ke kaɗowa a karkace har lema ta rasa amfani. Wajen hantsi wayar Doña Nibia ta yi ƙara. Daga asibitin ido ne, kiran da ta kwana biyu tana jira. Ta kara a kunne, ta miƙe da sauri, ta fita wajen matakala inda ba za a ji ta ba.

Maite Silveira, wadda teburinta ke fuskantar na Flaco, ita ta fara gani. Ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Flaco, dubi lungu."

Ya waiwaya. Hasken ɗorawa na haska bango. Ya ajiye ƙoƙon mate ɗinsa, shayin ganyen da suke zuƙa da ɗan bututu, a hankali, ya tashi yana sanɗa, sauran 'yan ofis suka ɗago kai suna danne dariya.

"Rubuta saƙon ka tashi," in ji Maite. "Ban da kauɗi, ka san halinta."

"Shekara nawa ina jiran ranar nan, ki ce saƙo kawai? Wannan kamun ai sai da biki."

"Za ta tsinke maka kunne."

"Da wa kike magana ne? Kwafin ajiya zan fara yi. Ta yi dariya, mu yi dariya, in mayar mata da kayanta kafin ruwan fulas ɗinta ya huce."

Ya zauna, ya aika saƙon bizcocho, sannan ya buɗe wurin kwashe saiti. Wani ɗan allo ya fito da jerin ƙananan akwatuna, kowanne da abin da zai kwasa: launuka, haruffa, maɓallai, da sauransu. A kwamfutarsa duk akwatunan suna da alama, don ya sa musu tun shekarun baya, manhajar kuma ta riƙe zaɓinsa, har ya manta cewa da hannunsa ya sa. A ta Doña Nibia akwatin farko ne kaɗai ke da alama. Idonsa na kan ƙofa, yatsansa ya danna kamar yadda ya saba. Fayil ya fito, ya gan shi da idonsa, hankalinsa ya kwanta.

Daga nan ya ɗora mata saitin da ya tanada musamman don irin wannan rana: allo ruwan hoda, haruffa farare ƙanana masu lanƙwashe-lanƙwashe kamar na katin gayyatar aure, maɓallai duk a hargitse. Wata tambaya ta fito, wai ko a sauya kwafin da ke ma'ajiyar intanet ma ya zama irin wannan. A daidai lokacin ya ji takun takalmi a matakala. Bai karanta ba, ya danna na amincewa, ya yi wuf ya koma kujerarsa.

Doña Nibia ta shigo fuskarta ba walwala, amma ba wanda ya kula da wannan, kowa dariyarsa yake tarawa. Ta zauna. Ta ɗora yatsu a kan maɓallai ta danna wasu, ta jira. Ta sake danna wasu. Ta matso da fuskarta kusa da allon, ta ja baya, ta karkata kai gefe kamar mai sauraren wani abu. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba.

"Wa ya taɓa mini kwamfuta?" ta tambaya a hankali.

Ofis ya fashe. Flaco ya miƙe ya rusuna wa jama'a, ana tafi ana buga tebur.

"Doña, yau dai an kama ki. Ni masu cuku nake so, kuma da zafinsu."

"Mayar mini."

"Haba Doña, ki ɗan yaba kwalliyar mana. Ruwan hoda ya karɓe ki."

"Yamandú, mayar mini yanzu."

Ba ta taɓa kiransa da sunansa na yanka ba. Ya ɗan sha jinin jikinsa, amma ya ƙarasa wurinta yana taƙama, ya sunkuya ta gefen kafaɗarta, ya zaɓi fayil ɗin ajiyar, ya danna mayarwa. Manhajar ta ce an mayar lafiya. Ruwan hodan ya tafi. Abin da ya maye gurbinsa farin allo ne fes, da baƙaƙen haruffa ƙanana, yadda manhajar take ranar da aka fara saka ta.

"Bari in sake," ya ce.

Ya sake, abin bai sauya ba. Ya buɗe fayil ɗin ya duba cikinsa. 'Yan layuka ne da ba su cika tafin hannu ba, sunayen ayyukan da ta buɗe kwanan nan, shi ke nan. Babu launi, babu harafi, babu maɓalli ko ɗaya. Sai ya tuna da ma'ajiyar intanet, ya yi maza ya shiga. Saitin ruwan hodansa ya tarar a zaune daram, kuma ma'ajiyar ba ta riƙe na jiya, na ƙarshe kawai take sani.

Dariyar ofis ta mutu da kanta. Wani ya ce, "A'a, liman, yaya dai?" ba wanda ya taya shi. Kunya ta kama Flaco. A lokacin kunyarsa ba ta wuce ta mai wa'azin da aka kama da abin da yake hanawa ba, kuma ya ɗauka iyakarta ke nan.

Doña Nibia ta ɗauki fulas ɗinta. "Zo ka taya ni ɗora ruwa," ta ce.

A ɗan kicin ɗin ofis ta tura ƙofa ta jingina da ita. Ba ta ɗora ruwan ba.

"Doña, ki yi haƙuri. Kafin a tashi zan sake gina miki shi tsaf. Baƙin allo ne da rubutun ɗorawa, ai na gani."

"Ba na gani, ɗan nan."

Ya dube ta, ta ci gaba.

"Fuskarka da nake kallo yanzu, kunnuwanka nake gani da gashinka. Tsakiyar babu, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Ɗorawar da ka gani ba kowace ɗorawa ba ce. Na yi shekaru ina matsa ta kaɗan-kaɗan, duk lokacin da idon ya ƙara lalacewa in sake nema, har in sami wadda ke ratsawa. Ban san lambarta ba. Maɓallan kuma yatsuna ne suka san su, in ka tambaye ni da baki ba zan iya lissafa maka rabinsu ba."

"Amma ba ki da wani kwafin? Ko a gida?"

"Kwafin da kake mana wa'azi, ina ka ce a riƙa ajiye shi? Ba a jakar da kowa ke buɗewa ba? Don ku buɗe nawa ku yi ta tambayar me ya sa tsohuwa ta yi kaza? Na intanet ɗin ne nawa ni kaɗai, shi na dogara da shi."

Flaco ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kalli butar lantarki, ya kalli tsumman goge hannu. Ya tuna sau nawa ya kira allon nan allon tashar mota, da ƙarfi, don a yi dariya, ita kuma tana murmushi. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya ji tsayinsa ya yi masa yawa.

"Don Elbio na zuwa bayan abincin rana," ta ce. "Ka manta?"

Ya manta. Don Elbio Fagúndez, Don ɗin laƙabin girma ne na maza, shi ne shugaban ƙungiyar makiyayan, kuma tun daga Tacuarembó can arewa ya taso saboda manhajar ta ƙi karɓar lambobin shanun wata gona, motoci na jira ba a yi lodi ba. Al'adarsa ce in matsala ta taso ya zo da kansa ya zauna kusa da Doña Nibia ta gyara yana kallo. Bai yarda da waya ba, bai yarda da samari ba.

"Kada ka faɗa wa kowa," ta ce. "Wannan kaɗai na roƙe ka. Ka yi abin da za ka iya kafin ya iso."

Da sauran suka fita cin abinci, su biyu suka zauna a lungu. Ya mayar da allon baƙi, ya sa haruffa ɗorawa. Ta ce ta yi haske, ya rage, ta ce ta dushe. Ya gwada wata, ta ce haruffan na narkewa cikin juna. Ya binciki kwandon shara na kwamfutar, ya tono duk wani lungu da manhaja kan ɓoye tsofaffin fayiloli, bai sami komai ba. Suka koma kan maɓallai: ta riƙa danna abin da yatsunta suka saba a kan tebur, shi yana kallo yana ƙoƙarin gane abin da kowanne ke yi a da. Sun kama kaɗan. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin da ake yi. Ba su kai ko'ina ba suka ji muryar Ruben a matakala yana yi wa baƙo maraba.

Don Elbio ya shigo ɗakin taro da jiƙaƙƙiyar hularsa a hannu, ya sumbaci Doña Nibia a kumatu, ya tambayi jikokinta. Flaco ba ya cikin waɗanda aka gayyata, amma ya bi su ya tsaya a bakin ƙofa. A 'yan matakan da ya taka daga lungu zuwa nan ya yanke shawarar da yake ganin ta mazantaka ce: zai ɗauki laifin a gaban kowa, a ci masa mutunci, a ɗaga aikin zuwa gobe, shi kuma ya kwana yana gyara.

"Ruben, kafin ku fara," ya ce. "Na ɓata wa Doña Nibia kwamfuta. Wasan bizcocho na yi, na wuce gona da iri, na goge mata saiti gaba ɗaya, kwafin ajiyar da na yi kuma fanko ne. Laifina ne ni kaɗai. A bari sai gobe da safe, don Allah."

Ruben ya dube shi ta saman tabarau. "Kai? Kai mai damun mu da ajiya?"

"Ni."

"A gaban baƙo kake gaya mini wannan shirmen? Za mu yi magana." Ya juya ga Don Elbio. "Yi haƙuri, Don Elbio, yaran zamani ne. Ba wata matsala ba ce." Ya buɗe tasa kwamfutar ya tura ta gaban Doña Nibia. "Ga tawa, Nibia, komai na ciki. Launi ne kawai ba naki ba, yau ɗaya ki daure."

Sai a lokacin Flaco ya ga abin da ya yi. Da bakinsa ya toshe mata hanya ɗaya da ta rage. Da ya yi shiru, da ta iya cewa kanta ke ciwo, ko aikin na buƙatar nazari, ko wani abu. Yanzu ya gaya wa kowa cewa matsalar kwamfuta ce, ga kuma wata kwamfutar an kawo.

"Bari in zauna in riƙa buga mata, tana faɗa," ya ce da sauri.

"Ɓarnar da ka yi yau ta isa. Tsaya inda kake."

Doña Nibia ta ɗora hannuwanta a kan kwamfutar Ruben. Farin allon ya haska mata fuska. Ta yi ta maza, ta danna wani abu, ta matsa kusa, ta karkata kai. Ruwa na ta dukan taga. Don Elbio, da nufin taimako, ya miƙa ƙaton yatsansa ya nuna.

"Ga jan rubutun nan, Doña, irin wanda yake fito mana a can."

Ta bi da ido, amma ba inda yatsan yake ta kalla ba, gefe ta kalla. Kowa ya gani. Flaco ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, ya tafi da ranar gaba ɗaya.

Ta janye hannuwanta ta ɗora su a cinya, ta gyara zama.

"Ruben, ba zan iya karanta wannan ba. Ba launi ba ne. Idona ya daɗe da lalacewa, kuma ɗazu likita ya kira ya ce ɗayan ma ya bi sahu. Da saitina ina aiki kamar kowa, kai shaida ne, ba ka taɓa kama ni da kuskure ba. Babu shi kuwa, ko sunana ba zan gane a allon nan ba. A kira mini Maite ta karanta mini."

Ruben ya cire tabarau. "Nibia, don me ba ki faɗa mini ba? Da tuni mun rage miki nauyi."

"Shi ya sa," ta ce.

Aka kira Maite. Ta zauna tana karanta layukan da ƙarfi, Doña Nibia ta rufe ido tana saurare, tana cewa wuce, wuce, koma baya. Ba a jima ba aka gano abin, Maite ta gyara, Don Elbio ya buga waya arewa aka ce lambobin sun shiga. Ba wanda ya yi murna. Da zai tafi, ya riƙe hannun Doña Nibia da hannuwansa biyu, ya ɗaga murya yana jan kalmomi kamar da kurma yake magana, ya ce ta kula da kanta, lafiya ta fi shanu. Ruben kuma ya kama gwiwar hannunta ya raka ta har kujerarta, a hanyar da ta fi shi sani.

Sannan ya yafito Flaco zuwa wajen matakala. Flaco ya bi shi yana fatan kora, ko aƙalla zagi mai kyau wanda zai ɗan sauke masa abin da ke ƙirjinsa.

"Daga Litinin kai za ka karɓi manhajar shanu," in ji Ruben.

"Ni? A'a. Ruben, don Allah, a'a. Aikinta ne. In saitin ya dawo za ta ci gaba kamar da."

"Ka ji abin da likita ya ce. Ba zan bar baiwar Allah tana azabtar da idonta saboda ni ba. Za ta riƙa ba da shawara, ta huta."

"Ba hutu take so ba."

"Ba lada nake ba ka ba, Flaco, kada ka ɗauka haka. Ba ni da wani ne. Ka je ta nuna maka kan abin."

Ya daɗe a matakala shi kaɗai. Ya yi tunanin ya sauka ya bi ruwan nan ya tafi gida, kada ya sake dawowa. Abin da ya hana shi bai wuce sanin cewa in ya tafi, farin allon nan zai kwana a gabanta ba. Da ya koma ciki ba wanda ya ɗago ya dube shi. Maite ta kafa ido a kan aikinta, hancinta ja.

"Flaco," Doña Nibia ta kira daga lungu. "Jawo kujera."

Ya jawo ya zauna a gefenta kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

"Doña, Ruben ya ce..."

"Na san abin da ya ce, na fi ka sanin Ruben. Zan nuna maka komai, ba don kai ba, don shanun mutane. Amma ba zan nuna maka a makance ba. Juya allon nan."

"In juya shi ina?"

"Ya kalli taga. Wuyana ya gaji da zaman lungu."

Ya juya allon, ya zama duk wanda ke ofis yana iya gani. Suka fara daga launi. Wannan karon ba gaggawa, ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan tana cewa a'a, a'a, har suka kai wata ɗorawa da ta ce ba ita ba ce amma za a zauna da ita. Ya buɗa tazarar haruffa. Ya yi wa layin da ake kai kauri. Bai yi magana ba sai in ta tambaye shi, kuma wannan sabon abu ne a wurinsa.

"Saura girma," ta ce. "Ƙara."

Ya danna, haruffan suka ɗan kumbura.

"Ƙara."

Ya ƙara. Ta karkata kai ta duba ta gefen ido, ta girgiza kai. Ya ci gaba da dannawa, tana cewa ƙara, layukan na raguwa a allon, kowace dannawa tana yi masa nauyi, don da yatsansa yake auna abin da ta rasa tana zaune kusa da su suna raha. Ba ka jin maɓallin kowa a ofis sai nasa. Can ya ga haruffan sun kai yadda ya gan su da safe, lokacin da ya zauna a kujerar nan yana dariya. Ya ɗage hannu.

"Nan ne, Doña. Haka yake ɗazu, na tabbata."

"Na sani," ta ce. "Tun bara wannan ya yi mini kaɗan. Na ƙi ƙarawa ne don kada ku hango daga nesa."

Ta gyara zaman tabaranta, ta fuskanci allon sosai.

"Yanzu kuma wa ya rage in ɓoye wa? Ƙara."

Flaco ya sunkuyar da kai, ya sa yatsa, ya ƙara.